Kasko Biyu Gare Ni

'Yan uwana mata, ga wata magana da ta tsaya mini a rai tun azumin bara.

Kaskon turaren wuta biyu gare ni. Ɗaya na ƙarfe ne mai murfi, cikin kayan ɗakina ya zo daga Bakura. Ɗayan na yumɓu, a kasuwar Talata Mafara na saye shi, bakinsa har ya ɓantare. Na ƙarfen nake zuba wa haɗin Barno, sandal da hawi da farce, in maigida ya kusa dawowa ko za a yi baƙi. Sai na shimfiɗa toka, na zaɓi garwashin kirya da ya gama hayaƙi, don wuta in ta yi yawa ƙauri turare ke yi. Na yumɓun kuwa shi nake ba yaro ya kai masallacin unguwa ran Juma'a, da ɗan ƙaron hano bisa duk garwashin da na samu a murhu.

Da surukata ta zo daga Maradun, ta dubi kaskon nan biyu ta ce, "Ɗiyata, wanne ne na Allah?"

Wallahi na ji zafi. Na ce, "Ai Inna, ku ma hano kuke ƙonawa." Ta ce ita shi kaɗai gare ta.

Na kwana ina kare kaina. Allah ba Ya buƙatar hayaƙina, kuma gyara wa miji ɗaki shi ma lada ne. Duk gaskiya ne. To amma tun a Madina ana turara masallaci, har aka yi wa wani bawan Allah, Nu'aimu, laƙabin Almujmir saboda aikin nan. Ni kuwa ba talauci ya sa na zaɓi hano ba. Baƙuwa za ta shaƙa ta tambaye ni inda na sayo, masallata kuwa ba su san ko daga gidan wa kasko ya fito ba. Ashe yabon nake saye da tsada.

Juma'ar da ta biyo na ɗebi cokali guda na haɗin Barno na ƙulla wa yaro, har ina rage kaɗan daga bakin cokalin. Kaskon ƙarfen dai har yau ban aika ba. Ina ce wa kaina kar yaro ya yar.