Wa Ya Haifi Dodo?

A cikin dukan tatsuniyoyin da iyayenmu mata suka yi mana da dare, babu wadda ta ambaci uwar Dodo. A girme yake fitowa, da gashi buzu-buzu da murya kamar tsawa, ya tare bakin rafi, ko ya ari siffar kyakkyawan saurayi ya auri yarinyar da ta raina samarin garinsu. Ba a faɗin garin da aka haife shi, ko wanda ya raɗa masa suna, ko abin da ya fara ɗora shi a kan naman mutane. Haka ma Kura. Tun daga "ga ta nan, ga ta nanku" mayunwaciya ce, wawuya, mai haɗama, kuma a haka za a kai ta har "ƙurunƙus". Mai tatsuniya ba ta ga dalilin yin bayani ba, domin aikin Dodo shi ne ya hana yaro zuwa rafi shi kaɗai, kuma Dodon da aka san ƙuruciyarsa ba ya tsorata kowa.

Ni mutumin Ruwan Gizo ne, a ƙasar Talata Mafara, kuma da wuya in faɗi sunan garinmu a baƙon wuri ba a yi murmushi ba. Murmushin nan ya daɗe yana ba ni mamaki. In aka auna laifi da laifi, Gizo bai fi Kura tsarki ba. Maƙaryaci ne, ɓarawo ne, yana cin amanar abokin tafiya, sau da yawa ma shi ke tura Kura ga halaka. Duk da haka bayansa muke bi, muna yi masa dariyar ƙauna. Dalilin, a ganina, shi ne tatsuniya takan shigar da mu gidansa. Mun san matarsa Ƙoƙi, mun san tsamin bakinsa, muna zaune tare da shi lokacin da yunwa ta hana shi barci yake ƙulla dabara. Kura kuwa daga nesa muke hango ta. Abin da ya raba su a zukatanmu shi ne inda mai ba da labari ta shimfiɗa mana tabarma. Duk wanda aka zaunar da kai a ɗakinsa, ka fara jin hujjarsa ke nan tun kafin ya buɗe baki.

Yau yaranmu sun fi samun Dodonsu a fina-finan katun da ake tura musu a waya, kuma sunan da suke ba shi shi ne bos. Waɗanda suka ɗan tasa cikinsu ba sa tsayawa ga kallo. Sukan ɗauki bos ɗin da wani ya zana, su ɗora masa tarihin da fim bai ba shi ba, su watsa a Wattpad ko Facebook ko zaurukan WhatsApp, ba don kuɗi ba, sai don labarin ya ƙi barin su. Ina kiran wannan rubutun ɗori. Masu fina-finan ma sun gane akwai kasuwa a ciki. Kamfanin Disney ya ɗauki muguwar aljanar nan ta katun ɗin 1959 ya yi mata fim nata na kanta, Maleficent, a 2014. Ya yi wa Cruella, matar da ke son fatar 'yan kwikwiyo a katun ɗin 1961, irin wannan gata a 2021. A ƙarshen 2024 kuma ya koma kan Scar, zakin da ya kashe wansa Mufasa a The Lion King na 1994, ya nuna shi yana ɗan sarki mai suna Taka, wanda ya ceci Mufasa daga ruwa ya mai da shi ɗan'uwa, kafin kishi ya shiga tsakani.

Ni ma ina cikin masu wannan rubutu, sai dai Scar bai taɓa jan hankalina ba. Kurayensa ne suka tsaya mini. A fim ɗin an kore su zuwa maƙabartar giwaye, inda babu komai sai ƙasusuwa, alhali zakuna na mulkin ƙasa mai dausayi. Scar ya yi musu alkawarin ƙoshi, suka yi masa aikin ƙazanta, kuma da ranar ƙin dillanci ta zo, a kansu ya ɗora laifin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai na fara rubuta labarin wata kura da ƙanwarta, tun suna ƙanana, ina tura shi babi-babi a wani zaure na masu karatu.

A babi na huɗu wata malamar makaranta ta yi magana. Ƙanenta na hannun 'yan bindiga a lokacin. Ta ce, "Malam, kana can kana nema wa kura uzuri, mu kuma muna nan muna sayar da gona mu ciyar da ita."

Maganar nan ba ta mai ƙin adabi ba ce, kuma ba a amsa ta da cewa ai katun ne kawai. A wajenmu mugu ba zane ba ne. A daren 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata daga makarantar kwana ta Jangebe, cikin ƙaramar hukumarmu, aka sako 279 bayan kwana huɗu. A watan Agustan shekarar aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. Ranar farko ta Satumba aka ɗauke ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya ta Maradun, sannan aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Mutumin da ya ga wannan yana da haƙƙin ya tsargu da duk wanda ya zo yana cewa a tsaya a ji yadda mugu ya zama mugu. Ya sha jin irin wannan magana, kuma ya lura inda take ƙarewa: a gayyaci mai bindiga zaman sulhu a ba shi kujera, wanda aka kashe wa ɗa kuma yana tsaye a rana. Awwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 a Disambar 2020, ya ajiye makami a Gusau a Fabrairun 2021, aka karɓe shi, kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji. Hukuma ma ta taɓa ɗaukar matsayin malamar, ko da yake da wata niyya. A 2022, da BBC ta nuna shirin Yusuf Anka a kan 'yan bindigar Zamfara, Trust TV kuma ta nuna nata, inda aka ji shugabannin daji suna faɗin dalilansu da bakinsu, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci Trust TV da wasu kamfanoni uku tarar naira miliyan 5 kowanne, bisa zargin ɗaukaka ta'addanci.

Duk da haka ban daina rubutun ba, kuma ina ganin ina da hujja.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Al'ummar da ta hana kanta tambayar dalili ta yarda ke nan cewa miyagunta daga sama suka faɗo, kamar Dodo, kuma abin da ya faɗo daga sama ba a iya hana irinsa sake faɗowa. Wanda ke son kada a haifi wani ɗan bindiga a shekaru goma masu zuwa dole ya yi maganar burtalin da aka nome, da shanun da aka sace ba a bi sawu ba, da mutanen da 'yan sa-kai suka kashe a kasuwa ba tare da shari'a ba, da yaron rugar da bai taɓa ganin allon makaranta ba. Dole kuma ya yi maganar wanda ke sayar da harsashi, da mai kai rahoto daga cikin gari, da mai sayen shanun sata a araha. Tarihin mugu, in an rubuta shi da gaskiya, yana ƙara yawan masu amsa tuhuma. Dubi kishiyar tatsuniya, wadda ke aika marainiya wanke ƙazanta a rafi mai nisa. Ƙarni nawa muna la'antar ta, ba wanda ya tambayi ina maigidan yake, ko yana ganin 'yarsa tana ramewa, ko wa ya aurar da kishiyar tana yarinya ga mutumin da ba ta so. Marubuciyar da ta ɗora wa wannan mata tarihi ba ta rage wa marainiya komai ba. Uban da ya ɓuya bayan labarin ta jawo fili.

Inda rubutun ɗori ke lalacewa, kuma yana yawan lalacewa, shi ne lokacin da marubuci ya ƙaunaci mugunsa har ya kasa barin sa ya yi muguntar. Disney ta faɗa wannan rami. Maleficent ta 2014 an ci amanarta ne, an yanke mata fukafukai, saboda haka ainihin mugu shi ne sarki. Cruella ta 2021 kuwa an nuna karnuka sun tura matar da ta rene ta daga kan dutse bisa umarnin wata attajira, kuma har fim ya ƙare ba ta feɗe kare ko ɗaya ba. Ba a bayyana mugunta a nan ba, ɗauke ta aka yi aka ɗora wa wani sabon Dodo wanda shi ma ba shi da uwa. Mai kallo ya fita da darasi mai guba: duk wanda aka cuta, abin da ya aikata bayan nan ba nasa ba ne. Muna da karin magana mai irin wannan kaifi biyu, wato in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. A bakin mai adalci tana nufin a duba kowane ɓangare. A bakin ɓarawo kuwa tuhuma ce ga wanda aka yi wa sata. 'Yan matan Jangebe ba su nome burtalin kowa ba.

Tun kafin katun, littafin da muka fara karantawa a makarantar allo ya nuna yadda ake faɗin dalilin mai laifi ba tare da an wanke shi ba. An ba mu asalin Iblis, an bar shi ya faɗi hujjarsa ta fifikon wuta a kan yumɓu. An gaya mana abin da ya ci wa Ƙabila rai, cewa an karɓi hadayar ɗan'uwansa ba a karɓi tasa ba. Mun ji dalilan sarai, har muna iya gane ƙwayarsu a cikin zukatanmu, amma ba wanda ya tashi daga karatun yana ganin Habila ne da laifi. Abin da ya sa haka shi ne ƙissar ta tsaya a kan lokacin zaɓi, ta kuma ajiye wani a gefe wanda yake da ikon miƙa hannu bai miƙa ba.

Irin wannan mutum na gefe shi ne abin da mafi yawan masu rubutun ɗori ke mantawa da shi, alhali a ƙasarmu ba sai an ƙago shi ba. Da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aka kammala ta a 1978, dubban manoma sun rasa gonaki da gidaje, diyya kuma ta zo a makare, ga wasu ma ba ta zo ba. Da suka tare hanyoyi suna neman haƙƙinsu, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Afrilun 1980. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. In rauni kaɗai ke haifar da ɗan ta'adda, da tsakanin Maradun da Bakura da Mafara babu wanda zai rage a gona. Amma 'ya'yan waɗannan mutane da jikokinsu su ne ke dashen shinkafa a fadamun Bakolori har yau, wasunsu ma su ne ake sacewa a kan hanyar gona. Haka nan rugage nawa ne aka kwashe musu shanu kaf, masu su suka koma gadi a birni ko kiwon dabbobin wani, ba su ɗauki bindiga ba? Duk labarin da ya ce wa mai karatu "ba shi da wata hanya" ya zagi waɗannan mutane, domin su ne wata hanyar, kuma sun biya kuɗinta da tsada.

Akwai wani abu kuma da ya shafi marubucin kansa. An ce mugu shi ya san makwantar mugu. Ba ka iya rubuta haɗamar kura ta gamsar sai ka tono taka, kuma wannan tonon yana da daɗi fiye da yadda marubuta ke yarda su faɗa. Na lura babin da kurata ta fara ɗanɗana iko ya fi kowanne saurin rubutuwa, ya kuma fi samun yabo a zauren. Samari sun so ta. Wani har ya sa hoton kura a fuskar wayarsa. Wannan ya sa na yarda cewa tsoron malamar yana da tushe, ko a kan dabbar da aka zana da fenti. Tabarmar da aka shimfiɗa wa Gizo ita ce na shimfiɗa wa kura, kuma ta yi aikinta.

Saboda haka na bar ƙanwar ta ƙi bin Scar. Ban sauƙaƙa mata ba: ta zauna a maƙabartar giwaye tana gwaguyar ƙashi, ɗanta ɗaya ya mutu da yunwa, yayarta kuma ta zo da cinyar nama ta tsaya a kanta tana tambayar abin da taurin kai ya saya mata. Yunwarsu ɗaya, uwarsu ɗaya, korar da aka yi musu ɗaya. Babi na bakwai kuma na ɗauke tabarmar gaba ɗaya daga ramin kuraye na kai ta wurin wata barewa, wadda ke kwana tana ƙirga 'ya'yanta tun da aka buɗe wa kuraye ƙasar. Na ba ta suna, na ba kowane ɗa nata suna, har da wanda cinyarsa ce aka kai maƙabartar giwaye a babin da ya gabata. Samarin zauren suka ce labarin ya yi sanyi, wasu suka daina bi.

Ƙanen malamar ya dawo bayan wata biyu, gonar ba ta dawo ba. Tana cikin zauren har yanzu, kuma wayata ta nuna mini ta buɗe babi na bakwai a daren da na tura shi. Ba ta ce komai ba.