ƘARFEN DA AKA YAR A JUJI

Mu da ke zaune a Tudun Jukun, kusa da Tudun Wada ta Zariya, kowace safiya mu kan ga samari suna tura amalanke cikin unguwa, suna sayen tsohon ƙarfe. 'Yan gwangwan a kan ce da su. Ɓallalliyar sarƙar babur, da hudajjen tanki, da fulogin da ya mutu, da cokalin da ya karye, duka su kan kwasa, su kai wurin sikeli, a auna a biya su. A idonmu wannan tarkace ne. Amma akwai waɗanda idonsu ya ke ganin wani abu dabam.

Tun shekara ta 1955 aka kawo sashen koyon zane da sassaƙa Zariya daga Ibadan, kuma a 1962 ya shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Wanda ya je can zai ga siffofin da ɗalibai suka yi, waɗansu da siminti, waɗansu da ƙarfe. Mai wannan sana'a ya kan tsaya gaban tulin tarkace, ya ɗauki sarƙa ya ce, wannan gezar doki ce. Ya ɗauki tanki ya ce, wannan ƙirjinsa ne. Ya kan kankare tsatsa, ya yanke inda ya ruɓe, ya buga da guduma, kāna ya sa wutar walda ya haɗa su. Ran da ya gama, mutanen da suka zubar da ƙarfen su ne su kan tsaya kallo da mamaki.

A ƙasar Ibo ma haka ne. El Anatsui, mutumin Gana wanda ya soma koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975, ya tara marafan kwalaben barasa dubbai, ya daddaƙe su, ya ɗinke su da wayar tagulla, suka zama kamar babban zane mai walƙiya. A 2015 aka ba shi babbar lambar girma a birnin Benis ta ƙasar Italiya. Ku duba fa, abin da mashaya suka yar!

Watakila wani ya tambaya, ashe, wannan ba gunki ba ne? Siffa ta kan zama gunki sa'ad da mutum ya durƙusa mata. Musa ya ƙera macijin tagulla bisa ga umarnin Allah, amma da jama'a suka shiga ƙona masa turare, sarki Hezekiya ya farfashe shi. Zunubin yana cikin sujadar, ba cikin gudumar maƙeri ba.

Yanzu fa bari mu dubi kanmu. A cikin ekklesiyoyinmu akwai juji, ko da shi ke ba mu kira shi haka ba. Akwai yarinyar da aka sa ƙarƙashin horo, watanni suka wuce, ba wanda ya taka ƙofar gidanta. Akwai dattijon da giya ta kayar, akwai saurayin da ya fito daga kurkuku, ya zauna a bencin baya sau biyu, ba wanda ya ba shi hannu, bai sake dawowa ba. Horo daidai ne, gama ba a yin walda a bisa tsatsa. Amma maƙeri ba ya kankare ƙarfe domin ya sake jefar da shi. Horon da ba a bi shi da ziyara da addu'a ba, kora ce.

Ku karanta Ayyukan Manzanni sura 15. Yohanna Markus ya rabu da Bulus da Barnaba a Bamfiliya, ya koma gida tun aiki bai ƙare ba. Saboda haka Bulus ya ƙi sake tafiya da shi. Barnaba kuwa ya ɗauke shi zuwa Kubrus. Bayan shekaru, Bulus yana ɗaure, shi da kansa ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus, domin yana da amfani gare shi. Da Barnaba ya bar shi a juji, wa zai rubuta mana Bishara ta biyu?

Mu ma da haka mu ke. Ubangiji Yesu ya same mu cikin tsatsar zunubi, bai saye mu bisa ga awon sikeli ba, da jininsa ya biya. Ƙarfe ba ya iya kankare kansa, ba ya iya haɗa kansa da ɗan'uwansa. Sai hannun Mai-ƙira.

Ɗan'uwa, wanene ka fid da rai a kansa? Ka tuna da sunansa yau. Kafin Lahadi mai zuwa ka je gidansa, ka gaishe shi, ka zauna a tabarmarsa, ku yi addu'a tare. Allah ya ba mu idon Barnaba. Amin.