Wa Ya Mallaki Sirrin Mai Taɓin Hankali?

A Jabo da Dogon Daji da ƙauyukan da ke tsakanin Tambuwal da Kebbe, idan tunanin mutum ya rikice ba likitan ƙwaƙwalwa ne ke fara jin labarinsa ba. Uwa ce ko miji, sannan malamin da ke ruƙiya, wani lokaci mai maganin gargajiya, sai kuma ma'aikacin lafiya na asibitin gari. Sai abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ake neman mota a ratsa birnin Sakkwato zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Kware, ko a tsaya a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A kowane zango marar lafiya yana amayar da abin da ke cikinsa: tsoron da ke hana shi barci, muryoyin da yake ji, abin da aka yi masa yana yaro, ƙwayar da ya sha a ɓoye, tunanin halaka kansa. Irin wannan ciwo ba ya magantuwa sai an faɗi abin da ba a saba faɗa ba. To, bayan ya faɗa, maganar ta zama ta wa? Ra'ayina shi ne tana nan tasa, ko da hankalinsa ya gushe a lokacin da ya furta ta, kuma duk wanda ya ji ta ajiya aka ba shi, bai mallake ta ba.

Musulunci bai bar wannan a duhu ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir, Allah ya yarda da shi, hadisin da ke nuna cewa waiwayen da mai magana ya yi don ganin ko wani na jin sa ya isa ya mai da maganarsa amana, ko da bai ce a ɓoye ba. Suratul Hujurati ta hana binciken asirin mutane da cin namansu a aya guda. Amma hujjar da ta fi dacewa da mai taɓin hankali tana cikin fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu. Shari'a ta ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo, don haka cinikinsa ba ya ƙulluwa, kyautarsa ba ta inganta. Sai ta naɗa masa waliyyi, ta kuma ɗaure hannun waliyyin: ba ya taɓa dukiyar sai don amfanin mai ita, ba shi da ikon yin kyauta da ita ko da wa ɗan'uwa ne. Idan haka aka tsare gonarsa da akuyarsa, yaya za a ce mutuncinsa, wanda ya fi su tsada, ya zama na kowa ranar da ciwo ya kama shi? Abin da aka ɗauke masa nauyin hukunci ne. Alfarmarsa tana nan yadda take, har ma ta ƙara nauyi a kan lafiyayyu, tunda shi ba ya iya kare ta.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna abin da wayar hannu ta kawo. Duk mai buɗe TikTok ko Facebook da Hausa ya sha cin karo da bidiyon ruƙiya: mace a kwance tana birgima, mayafi ya zame, ana tambayar aljanin da aka ce yana jikinta, tana amsawa da sunayen kishiya ko maƙwabciya. Akwai kuma hoton wanda aka ɗaure da mari, an saka lambar asusu a ƙasa ana neman taimako. Masu yin haka da yawa ba mugunta suke nufi ba. Wani zai ce wa'azi ne, mutane su ga ikon Alƙur'ani su bar zuwa wurin boka. Wani zai ce ba a ba da sadaka sai an ga hali. Kuma sukan ƙara da cewa an nemi izini. Izinin wa? In na marar lafiyar ne, an karɓe shi a halin da ko sayar da kaza ta yi shari'a ba za ta zartar ba. In na mijinta ne ko mahaifinta, sun bayar da abin da ba nasu ba. Ladan wa'azin da ake fata, in ma akwai shi, wasu ne za su amfana, ita kuwa ita za ta biya. Za ta warke, ta koma ɗakinta, ta je biki da suna, alhali hotonta a mafi munin sa'ar rayuwarta yana cikin aljihun yaran unguwa. Tsegumin da ake yi a bakin rijiya yakan tsufa ya mutu tare da masu yin sa. Bidiyo kuwa 'ya'yanta ma za su iya tarar da shi.

Kada a ɗauka ƙasashen da suka ci gaba sun tsira. A 2020 aka gano an sace bayanan majinyata kusan 33,000 daga Vastaamo, wani kamfanin kula da masu damuwa a ƙasar Finlan, har da rubutun abin da suka faɗa wa masu duba su. Ɓarawon ya riƙa aika wa majinyatan saƙo ɗaya bayan ɗaya, su biya ko ya tona. Kamfanin ya durƙushe, an ɗaure mutumin a 2024, amma abin da ya bazu ya riga ya bazu. A Amurka, hukumar kula da ciniki ta sa kamfanin BetterHelp biyan dala miliyan 7.8 a 2023 saboda miƙa bayanan masu neman shawara ga Facebook da wasu don talla. Namu haɗarin bai kai wannan ƙwarewa ba, amma ya fi kusa da jiki. Waya ɗaya ce gida ke amfani da ita, ana barin ta a shagon caji ko wurin mai tura finafinai, mace ta aika wa malam saƙon murya tana kuka, malam ya tura wa almajirinsa don ya ji irin matsalar, daga nan ba mai iya cewa ina ya tsaya. Haka ma'aikacin asibitin da ya ɗauki hoton katin majinyaci ya saka a zauren WhatsApp na abokan aiki.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi da ba zan raina ba. Za a ce wannan tunanin Turawa ne, inda kowa ke zaman kansa; a wurinmu ciwon ɗaya na dangi ne, su ke sayar da hatsi su biya mota, su ke kwana a gindin gado, su za su tabbatar an sha magani, don haka ɓoye musu zalunci ne. Gaskiya ne dangi ne ƙashin bayan jinya a ƙasar nan, kuma likitan da ya sallami majinyaci bai gaya wa mai jinya lokacin shan magani da alamun dawowar ciwo ba, bai yi aikinsa ba. Sai dai abin da mai jinya ke bukata don ya yi jinya daban, abin da majinyaci ya faɗa a ɗakin likita daban. Yayan da ya kawo ƙanwarsa Kware yana bukatar sanin cewa kada a bar ta ita kaɗai a wannan makon. Ba ya bukatar sanin abin da ta ce game da shimfiɗar aurenta. Wani lokaci ma wanda ya rako ta shi ne tushen ciwon, kuma muddin yana tsaye a kanta ba za ta buɗe baki ba. Rufin asiri kuwa ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe, shi yake roƙo a addu'arsa ta kullum, shi ya ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Ƙorafi na biyu ya fi wuya, wato inda shiru zai cutar da wani. Mutum ya ce zai kashe wane, ko an zo binciken aure. A nan amanar tana da iyaka, kuma malamai sun faɗe ta. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunai a 1993, ta yanke cewa asali tona sirrin majinyaci haramun ne, sai inda ɓoyewar za ta jawo cutar da ta fi ta tonawa, kuma ko a nan a tsaya gwargwadon lalura. Kotun ƙolin Kalifoniya ta kai ga makamancin haka a shari'ar Tarasoff a 1976, bayan wani ɗalibi ya gaya wa mai duba shi cewa zai kashe wata budurwa, ya kuma kashe ta. Batun aure ma mazhabar Malikiyya ta lissafa hauka cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure idan an ɓoye. To amma a lura da wanda haƙƙin sani ya hau kansa: mai neman auren ne, kuma nauyin faɗa yana kan mai ciwon da waliyyinsa tun farko. Wannan bai ba malami ko ma'aikacin jinya lasisin ba da labari a majalisa ba. Bai kuma mai da yarinyar da ta yi fama da damuwa bayan rasuwar mahaifiyarta, ta sha magani ta warke, mahaukaciya ba. Togaciyar ƙofa ce ƙarama da ake buɗe wa mutum ɗaya saboda dalili ɗaya, amma mu mun mai da ita hujjar gaya wa gari.

Dokar ƙasa ta zo daidai da wannan. Dokar lafiya ta 2014 ta hana bayyana halin majinyaci sai da izininsa a rubuce, ko umurnin kotu ko doka, ko barazana ga lafiyar jama'a. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, a Yunin shekarar kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan mutane, wadda ta sanya bayanan lafiya cikin masu bukatar tsaro na musamman. Amma matar da ke Jabo ba za ta kai malaminta ƙara Abuja ba, kuma yawancin sirrin da ake faɗa a yankin nan a zaure ake faɗarsa, ba a asibiti ba. Abin da zai tsare ta shi ne mai sauraron ya san Allah zai tambaye shi. Idan ba ta amince da haka ba, za ta yi shiru, ciwon ya ci gaba da cin ta har ya kai inda ba ya ɓoyuwa, kuma da yawan waɗanda ake kaiwa asibiti a makare tsoron bakin mutane ne ya makarar da su.

Saboda haka kirana ga limamanmu na Juma'a a Tambuwal da Kebbe shi ne su faɗa a kan mumbari cewa ɗaukar marar lafiya a waya lokacin ruƙiya cin amana ne, haka ma tura shi gaba. Masu ruƙiya su hana shiga da waya, su rage 'yan kallo zuwa muharrami ɗaya. Ma'aikatan lafiya su ba majinyaci damar ganawa da su shi kaɗai kafin a kira mai rakiya. Kai kuma mai karatu, idan irin wannan bidiyo ya iso wayarka, goge shi, ka kuma gaya wa wanda ya turo maka dalili.