SHIN BAIWA CE MA'AUNIN DARAJAR ƊAN ADAM?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci bayinsa ya kuma bambanta su a harshe da launi da hankali, bisa wata hikima da shi kaɗai ya kewaye da saninta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, akwai wani yaro da kusan dukkanmu mun san shi, ko da yake sunansa ya bambanta daga gari zuwa gari. Akwai shi a Tanut, akwai shi a Belbeji, akwai shi a ƙauyukan Gangara da Olelewa, haka kuma a rugagen makiyayanmu. Ya kai shekara huɗu ko biyar bai yi magana ba, ko kuwa yana yi amma sai maimaita abin da aka faɗa masa. A kira sunansa ba ya waiwayowa. Ba ya haɗa ido da mutum, ba ya shiga wasan tsaransa, ya fi son a bar shi shi kaɗai yana jera tsakuwa sahu-sahu. Ranar da aka sauya masa kwanon da ya saba cin tuwo a ciki, gidan ba ya zaunuwa. Ƙarar injin niƙa, wani lokaci har lasifikar masallaci, tana sa shi toshe kunne yana kururuwa.

Likitoci suna kiran wannan hali otizim, Larabawa suna ce masa tawahhudi, a gidajen rediyo kuma mukan ji ana cewa galahanga. Wani likita mai suna Leo Kanner ne ya siffanta shi filla-filla a shekarar 1943, a birnin Baltimo na Amurka, bayan ya daɗe yana lura da yara 11. Abin da bincike ya tabbatar shi ne cewa hali ne da ya shafi yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa tun farkon rayuwa, gado yana da rabo babba a cikinsa, alamominsa sukan bayyana kafin shekara uku, kuma an fi gano shi ga maza. Ba sakacin uwa ke kawo shi ba, ba kuma allurar rigakafi ba. Rahoton da ya ɗora laifin a kan rigakafi a Ingila a 1998 an gano ha'inci a cikinsa, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya ce kimanin yaro 1 cikin 100 yana da wannan hali. Mai unguwar da yake da yara ɗari biyu ko uku a ƙarƙashinsa, sai ya yi lissafi da kansa.

To, daga cikin waɗannan yara akwai 'yan kaɗan da Allah ya ba wata baiwa mai ɗaure kai a fage guda, alhali sauran fagagen rayuwa suna gagarar su. Wani a faɗa masa kwanan wata na shekara hamsin baya, nan take ya ce ranar Talata ce, a duba a tarar haka ne. Wani kuma zane ne: Stephen Wiltshire, wanda aka haifa a Landan a 1974, ya yi shekarun farko na rayuwarsa ba ya magana, amma a 2005 aka zaga da shi saman birnin Tokiyo cikin jirgi mai saukar ungulu, ya sauko ya zana birnin da ka a kan shimfiɗa mai tsawon mita 10. Amma wadda ta fi kusa da mu ita ce baiwar hadda. Tun a 1887 wani likitan Ingila, John Langdon Down, ya ba da labarin wani yaro da ya haddace wani ƙaton littafin tarihi. A karatunsa na farko ya tsallake layi ɗaya, sai ya koma ya gyara. Daga ranar, duk sa'ad da ya zo wannan wuri a haddarsa sai ya tsallake layin, ya koma, ya gyara, kamar kuskuren da gyaran duk cikin littafin suke. Lafazi ya zauna daram, ma'ana kuwa ba ta biyo shi ba.

Mu mutanen wannan ƙasa hadda tana da girma a zukatanmu, kuma ta cancanci haka. Mun san wahalar da almajiri yake sha tsakaninsa da allo da tawada da wutar kiskali kafin a kira shi alaramma. Saboda haka idan muka ga yaron da ba ya iya ɗaura wa kansa wando ya ji sura sau biyu ya riƙe ta, sai hankalinmu ya tashi. Nan da nan a ce waliyyi ne, a ce majazubi ne. Mata su riƙa kawo sadaka, ana shafa kansa, ana kasa kunne ko zai furta wata kalma a fassara ta da abin da zai faru a damina. A gidan da ke maƙwabtaka kuwa akwai wani yaron mai irin wannan hali sak, sai dai shi bai haddace komai ba. Shi sunansa dolo, ko gaula, ko ɗan ruwa, ko wanda aljanu suka musanya. In baƙi sun zo a tura shi ƙuryar ɗaki. In za a tafi gona, a wasu gidaje har igiya ake sa masa a ƙafa.

Ga tambayar da muke son mu yi wa kanmu: mene ne ya raba waɗannan yara biyu a wurinmu? Wani masani, Bernard Rimland, ya tattara bayanan iyaye a kan yara 5,400 masu wannan hali a 1978, ya samu kimanin 1 cikin 10 ne yake da irin waccan baiwa. Ko da binciken baya ya ɗan ɗaga adadin, mafi yawansu dai ba su da abin nunawa. Idan har baiwa ce take sa mu ga yaro da mutunci, to mun yanke hukunci a kan sauran tara ke nan cewa ba su da shi. Girmamawar da ake yi don abin da mutum zai iya nunawa, farashi ce, irin wanda dillali yake sa wa bijimi a kasuwar Bakin Birji bayan ya duba tozo da haƙori. Kuma duk abin da aka yi wa farashi, ba a daɗewa ake samun mai sayar da shi.

Tarihi ya nuna mana ƙarshen wannan hanya. A 1849 aka haifi wani bawa makaho a jihar Jojiya ta Amurka, ana kiransa Tom Wiggins. Masu nazari da yawa a yau suna ganin otizim ne da shi. Duk sautin da ya ji sau ɗaya sai ya maimaita shi, ko magana ce ko kiɗa. Ubangidansa ya gane haka, aka shiga yawo da shi gari-gari ana tara jama'a suna biya, har fadar shugaban ƙasa aka kai shi a 1860. An soke bauta a 1865, amma shi bai fita daga hannun gidan ba, domin sun nemi kotu ta ba su riƙonsa da hujjar cewa ba ya iya kula da kansa. Dukiya mai yawa ta shiga aljihun wasu, shi kuwa ya rasu a 1908 yana hannun masu riƙo. Duk an yaba masa, an yi ta tafa masa. Kafin mu la'anci waɗancan mutane, mu tuna da wanda yake jan irin wannan yaro kasuwa-kasuwa, yana sa shi karatu a bakin tasha, ƙoƙon bara yana hannun babba.

Mai yiwuwa wani ya ce: ashe ba a umurce mu da girmama mahaddacin Alƙur'ani ba? Lalle an umurce mu, kuma ba mu ce a rage masa komai ba. Abin farin ciki ne Littafin Allah ya zauna a ƙirjin kowane bawa. Sai dai malamanmu ba su taɓa cakuɗa hadda da fahimta ba. Imamul Bukhari ba don ƙarfin riƙewa kaɗai ya zama Bukhari ba, sai don ya san abin da ya riƙe, yana rarrabe ingantacce da mai rauni. Cakuɗa biyun yana cutar da yaron ta wata fuska da ba mu cika lura da ita ba. Baiwarsa takan zama shaida a kansa. Sai ka ji ana cewa, wanda ya riƙe izu talatin ai ya san yadda ake alwala, ya san gaisuwa, taurin kai ne kawai, sai a ɗauko bulala. Alhali kuwa ƙwaƙwalwar da ta sauƙaƙa masa riƙe sauti ita ce ta tsananta masa gane fuskar mai magana da manufarsa. Wallahi yara da yawa sun sha duka a kan abin da ba ya cikin ikonsu.

Shari'a ta riga mu warware wannan ƙulli, kuma ta warware shi da kyau. Malaman usulu sun raba cancanta gida biyu. Akwai cancantar a ɗora wa mutum nauyi, a kama shi da maganarsa da cinikinsa da ibadarsa. Wannan tana rataye da balaga da hankali, tana ƙaruwa tana raguwa, wani ma an ɗauke masa ita ɗungum. Akwai kuma cancantar mallakar haƙƙi, wadda ba ta rataye da komai face kasancewarsa ɗan Adam. Wannan ta biyu ba ta da ƙarami da babba. Yaron da bai taɓa furta kalma ba yana cin gadon ubansa daidai da wansa alaramma, ba a rage masa ko zangarniya ɗaya. Diyyar ransa ba ta gaza ta kowa ba. A mazhabarmu ta Malikiyya har zakka ake fitarwa daga dukiyarsa in ta kai nisabi, wanda yake nuna cewa shi mamallaki ne na haƙiƙa, waliyyinsa mai tsaro ne kurum. Suratun Nisa'i ta hana a damƙa wa mai raunin hankali dukiya ya salwantar, amma a wuri guda ta wajabta a ciyar da shi, a tufatar da shi, a kuma yi masa kyakkyawar magana.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Anas, Allah ya yarda da shi, labarin wata mata mai taɓin hankali da ta tsayar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce tana da buƙata. Sai ya kira ta da alkunyarta, ya bar mata zaɓin hanyar da take so su tsaya, ya tsaya da ita har ta gama. Ba a ruwaito cewa ta haddace wani abu ba.

A nan wajibi ne mu yi hattara kada mu zarce. Ba kowane mai otizim ne aka ɗauke wa alƙalami ba. Halin hawa-hawa ne: akwai wanda zai buƙaci mai kula da shi har ƙarshen ransa, akwai kuma mai cikakken hankali wanda zai yi karatu, ya yi sana'a, ya yi aure, sai dai cuɗanya da jama'a tana gajiyar da shi. Kowane ɗaya ana duba halinsa ne shi kaɗai.

Yaro na farko a cikin goma sha ɗayan nan na Kanner sunansa Donald Triplett, an haife shi a 1933 a wani ƙaramin gari na jihar Misisifi. Yana da baiwar hadda da lissafi, kuma yana ƙarami aka kai shi gidan ajiye yara, bayan kamar shekara guda iyayensa suka kasa jurewa suka ɗauko abinsu. Daga baya ya zauna shekara huɗu wurin wani manomi da matarsa. Da suka ga ba ya gajiya da ƙirga kunyoyin masara, sai suka ce ya riƙa ƙirgawa yana huɗa. Da suka ga yana son awo, sai suka sa shi haƙa rijiya yana faɗa musu zurfinta. Ba su tara masa 'yan kallo ba, ba su kuma hana shi abin da ransa yake so ba. Ya yi karatu har jami'a, ya yi aiki shekaru masu yawa a bankin garinsu, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Manomin Damargu da ya san yawan damman geron da ke rumbunsa, da makiyayin da yake gane saniyarsa cikin ɗari da kallo ɗaya, ba sai an yi musu dogon bayani a kan amfanin yaro mai ido da ƙirga ba. Wanda kuma ba ya ƙirga komai, shi ma akwai abin da zai iya koya in an bi shi sannu, da hanya guda, kullum a lokaci guda, ko da cin abinci da kansa ne ko nuna abin da yake so da hannu.

Ga iyayen da suka ga alamomin da muka zayyana, abu na farko a auna jin yaron, domin a ƙasarmu sanƙarau da ƙyanda sun kurumtar da yara da yawa, kuma kurma ma ba ya waiwayowa in an kira shi. In yana faɗuwa yana shure-shure, mai yiwuwa farfaɗiya ce, takan haɗu da wannan hali, kuma ita tana da magani. Tafiyar kimanin kilomita 150 daga Tanut zuwa babban asibitin Damagaram ba ƙaramin nauyi ba ce ga talaka, kuma nan ne ya kamata dangi da kwamitin masallaci su sa hannu. Shi otizim kansa babu ƙwaya ko saiwar da take cire shi. Wanda ya ce a sayar da akuya a kawo masa kuɗi zai warkar, akuyar yake so. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a alheri ne ga kowane yaro, amma duka da ɗauri da turaren barkono da sunan korar aljani zalunci ne da za a tambayi mai yin sa.

Ga limamai da masu rabon gado kuma: idan uban irin wannan yaro ya rasu, a fitar da kasonsa na gona da dabbobi a gaban shaidu, a rubuta, a naɗa masa waliyyi amintacce, a kuma sa ranar da waliyyin zai riƙa zuwa yana bayanin abin da ya shiga da abin da ya fita.