Tafinta da Na'ura: Amanar Magana Tana Wuyan Wa?

A garin Lafiya da wuya a yi babban taro ba tafinta. Tun kafin garin ya zama babban birnin Jihar Nasarawa a shekarar 1996, mahaɗar kabilu ne: Barebari da Alago da Eggon da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani, kowa da harshen gidansu, Hausa kuwa ita ke haɗa su a kasuwa da tasha da ɗakin sujada. Saboda haka kullum muna dogara ga tafintan da ke tsaye kusa da mai wa'azi, da tafintan kotu, da mai fassara labarai a gidan rediyo, da mai juya darussan makarantar Lahadi. Aikinsu amana ne, gama wanda ke sauraronsu ba shi da hanyar sanin ko sun ƙara ko sun rage.

Yanzu sun sami sabon abokin aiki. A shekarar 2013 Google Translate ya fara fassara Hausa, a ƙarshen 2022 kuma ChatGPT ya fito, waɗansu na'urori masu ƙirƙirarriyar basira suka biyo baya. Shafin da yakan cinye wa mai fassara yini guda, yau kafin ruwan shayi ya tafasa ya fito. Ni kaina ina amfani da su. Amma tambayar da ta dame ni ita ce: me ke faruwa da basirar mutumin da ya daina neman kalma da kansa?

Kwanakin baya wani saurayi mai hazaƙa da ke taimaka mana ya kawo mini fassarar wasiƙar ta'aziyya, wadda aka rubuto da Turanci zuwa ga wata gwauruwa, za a karanta ta a gaban jama'a. Hausar ta zauna sumul. Sai dai daga farko har ƙarshe ana ce wa matar “kai”, ƙanen mahaifin marigayin kuma an kira shi kawu, alhali baffa ne. Turanci bai raba kai da ke ba, bai kuma raba kawu da baffa ba, na'ura kuwa ba ta san matar ba. Amma saurayin ya san ta, a hannunta ya koyi karatu yana yaro. Na ce masa, “Ɗana, ka karanta wannan kuwa?” Ya ce, “Baba, sau biyu na karanta, idona bai kama ba.” Na gaskata shi, kuma amsar tasa ta fi kuskuren ba ni tsoro.

An ciyar da waɗannan na'urori da ɗimbin rubuce-rubuce, daga ciki suke lissafa kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan 'yar'uwarta. Mafi yawan rubutun na Turanci ne, na Hausa kaɗan ne, na Eggon da Alago ko kusa bai kai na Hausa ba. Duk da haka abin da suke fitarwa santsi gare shi, santsi kuwa shi ke sa ido ya zame. A shekarar 2019 wani masani mai suna Antonio Toral, na Jami'ar Groningen a ƙasar Holan, ya gwada fassarar da mutum ya yi da kansa da wadda na'ura ta yi mutum ya gyara. Ya tarar ta biyun ta fi ƙarancin kalmomi iri-iri, ta kuma fi bin ginin jimlar harshen da aka fassaro. A 2025 kuma masu bincike na Microsoft da Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka suka tambayi ma'aikata 319, suka ga waɗanda suka fi amincewa da na'ura su ne suka fi rage bin diddigin abin da ta ba su.

Gwanintar mai fassara a cikin wahalar nema take ginuwa. Likita Mila ya shigo ƙasar Hausa a 1900, amma sai a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, bayan shi da abokan aikinsa sun yi shekaru suna auna kalma bayan kalma. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya ƙunshi kalmomi wajen 39,000, yawancinsu daga bakin mutane aka tattaro su. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga ƙasashen Larabawa da Indiya da Turai ya zuba su cikin Magana Jari Ce, har mai karatu yakan ɗauka a ƙasar Hausa aka haife su. Duk lokacin da mai fassara ya tsaya yana juya kalmomi uku a ransa kafin ya zaɓi ɗaya, kunnensa yake wasawa.

Wani zai ce ai wannan tsoro tsoho ne. Gaskiya ne. Sama da shekara 2,300 da suka wuce, Aflatun ya kawo damuwar malaminsa Sukuratu cewa rubutu zai raunana hadda. Ya kuwa raunana ta, amma ribarsa ta fi hasarar. Don haka ba na kira a jefar da na'ura. Sai dai akwai bambanci: takarda tana ajiye abin da ka riga ka yi tunani a kai, na'ura kuwa tana miƙo maka amsa kafin ka fara tunanin. Tun 1983 wata masaniya a Ingila, Lisanne Bainbridge, ta lura da wannan a masana'antu: idan inji ya karɓe aikin yau da kullum, sai a bar wa mutum aikin kama kuskuren injin, alhali da aikin yau da kullum ɗin ne yake koyon gane kuskure. Tsohon tafinta yana da tanadin da zai ci. Yaron da ya fara da na'ura fa, a ina zai samo nasa? Ranar da ya tsaya kusa da mai wa'azi, ko gaban alƙali inda kalma ɗaya za ta iya raba mutum da gonarsa, babu damar duba waya.

Baiwar harshe abin riƙo ce da aka danƙa mana, za a kuwa tambaye mu yadda muka yi da ita. “Na'ura ce ta rubuta” ba hujja ba ce, gama ita ba ta jin kunya, ba ta tuba. Wanda ya miƙa takardar, shi ke da alhakinta. Saboda haka ina roƙon masu fassararmu, musamman matasa, su fara rubuta tasu tukuna, sa'an nan su duba ta na'ura su gwada. Su karanta aikinsu da ƙarfi a kunnen wani dattijo. In na'ura ce ta yi rubutun farko, su faɗa. Shugabannin ikkilisiya kuma kada su matsa a gama aikin mako guda cikin dare ɗaya don an ji akwai na'ura. Ku iyaye, ku yi wa 'ya'yanku magana da harshen gida da Hausa mai kyau, domin tafintan gobe a gindin murhu yake fara makaranta.

Saurayin nan ya koma ya sake wasiƙar da hannunsa. Ta cinye masa maraice guda, ya kuma je ya tambayi mahaifiyarsa yadda ake yi wa babbar mace gaisuwar rashi. Da aka karanta ta, gwauruwar ta aika a kira shi ta sa masa albarka.

Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon abin da ya danƙa mana. Amin.