Daga Ina Ƙarfen Maƙeri Ya Sauko?

Da zarar hadarin farko ya fara haɗuwa a bayan duwatsun da suka kewaye birnin Bauchi, maƙera ba su da hutu. Wannan yana son fartanya, wancan ya kawo garma a gyara mata baki. Yaro na jan zuga-zugi, gawayi ya yi jajir, maƙeri ya ciro ƙarfe da awartaki ya aza a kan uwar maƙera, masaba ta fara sauka. Ƙarfen da yake duka a yau galibi guntun tsohuwar mota ne, kakanninsa kuwa tama suka narka. To kafin mota, kafin tama, ina ƙarfen yake?

Tambayar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya zauna a zauren tafsiri. Sura ta 57 sunan ƙarfe take ɗauke da shi, Suratul Hadid, kuma a aya ta 25 an ambaci ƙarfe da lafazin saukarwa. Magabata sun tsaya a kan wannan lafazi. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi Adamu ya sauko duniya da uwar maƙera da awartaki da masaba. Hasanul Basri ya ce saukarwa a nan tana nufin halittawa, kuma masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da Suratuz Zumar, inda aka yi wa raƙuma da shanu da tumaki da awaki irin wannan lafazi, alhali ba wanda ya ce daga sama suka faɗo.

A yau wata fassara ce ke yawo a wayoyin matasa: kimiyya ta gano cewa a cikin taurari aka yi ƙarfe, saboda haka ayar ta rigayi Turawa. Rabin farko na maganar gaskiya ne, kuma labarinsa ya fi yadda ake taƙaita shi daɗi.

A 1835 wani masanin falsafa na Faransa, Auguste Comte, ya yanke cewa ɗan Adam ba zai taɓa sanin abin da aka yi taurari da shi ba. Bai san amsar ta riga ta leƙo ba. Tun 1814 Joseph Fraunhofer, mai wasa gilashi a Jamus, ya raba hasken rana zuwa launukan bakan gizo, ya ga ɗaruruwan siraran layuka baƙaƙe sun ratsa su. A 1859 da 1860 wasu masana biyu, Kirchhoff da Bunsen, suka warware sirrin: kowane sinadari yana haɗiye wasu launuka nasa na kansa, ya bar tabo a cikin hasken. Kamar tsagar fuska ce, wadda ya santa ya san gidan da mutum ya fito. Da haka aka ga ƙarfe a rana ba tare da an taɓa ta ba. Da haka ma aka ga hiliyom a rana a 1868, shekara 27 kafin a same shi a ƙasa.

Da aka ci gaba da auna taurari, sai aka ga ba ɗaya suke ba. Wajen kashi uku cikin huɗu na nauyin rana haidurojin ne, kusan kashi ɗaya hiliyom, duk sauran sinadarai ba su kai biyu cikin ɗari ba. Amma akwai taurarin da rana ta fi su ƙarfe nesa ba kusa ba. A 2014 masu bincike a Ostiraliya suka ba da labarin wani tauraro da ƙarfen jikinsa bai kai ɗaya cikin miliyan goma na ma'aunin rana ba. Tsoho ne ƙwarai, an haife shi lokacin da ƙarfe bai yawaita ba. Kaza da 'Ya'yanta kuwa, da manoma ke duba don sanin lokaci, shekarunsu wajen miliyan 100 ne kacal, kuma ƙarfensu ya yi kusa da na rana.

Bayanin ya fito sosai a 1957, a wani aiki na Fred Hoyle da William Fowler da Margaret da Geoffrey Burbidge. Tauraro maƙera ce. Zafi da matsi na cikinsa suna haɗa haidurojin ya zama hiliyom, hiliyom ya zama kabon da oksijin, a manyan taurari a yi ta hawa har a kai ga ƙarfe. A nan wutar ke ƙarewa, domin haɗa ƙarfe ba ya ba da zafi, ci yake yi. Sai cikin tauraron ya rufta, ya tarwatse, ya watsa abin da ya ƙera. Tauraron da aka ga fashewarsa a 1987 ya zubar da sinadarin da ya rikiɗe ƙarfe mai nauyin duniyarmu fiye da sau 20,000. Manyan taurari kan mutu cikin 'yan miliyoyin shekaru su bar oksijin mai yawa, wasu ƙanana kuma sai bayan dogon zamani suke fashewa su ƙaro ƙarfe. Shi ya sa masana ke gwada oksijin da ƙarfe a jikin tauraro su gane zamanin da aka haife shi, su kuma bi tarihin garken taurarin da muke ciki, tsara bayan tsara.

A nan ne ya kamata mai wa'azi ya yi hattara. Ba ƙarfe kaɗai ya fito daga can ba. Kuzar da aka yi ta haƙa a tsaunukan Jos, waɗanda ke cikin lardin Bauchi kafin 1926, a taurari aka yi ta. Haka oksijin da maƙerin ke shaƙa, da kalsiyom na ƙashinsa, da ɗan ƙarfen da ke jikinsa, wajen giram huɗu, mafi yawa a cikin jini. In zuwa daga taurari shi ne ma'anar saukarwa, to kusan dukan ƙasar da aka halicci mutum daga gare ta saukakkiya ce, ƙarfe bai keɓanta ba. Ga kuma wani haɗarin. Kafin 1925 manyan masana sun yarda cewa rana da ƙasa kusan kayansu ɗaya. A 1925 wata ɗaliba, Cecilia Payne, ta nuna haidurojin ne ya mamaye, aka matsa mata ta rubuta cewa da wuya sakamakonta ya zama daidai, sai bayan shekara huɗu aka yarda da ita. Da wani ya ɗaure ma'anar aya da fahimtar 1920, da ya jawo mata abin da ba nata ba.

Akwai kuma masu fargaba ta ɗaya gefen, waɗanda ke jin cewa in an ce tauraro ne ya yi ƙarfe an rage wa Mahalicci wani abu. Malaman zaure da suka karantar da tauhidin Sanusi sun daɗe da amsa wannan da misalin wuta: ana ganin ƙuna a wurin haɗuwarta da abu, amma ba ita ke da ikon ba, al'ada ce Allah ya gudanar. Maƙerin ya san aikin gawayi da iska sarai, bai kuma bar yin bisimilla kafin ya hura wuta ba. Ɗalibin kimiyya a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke karanta layukan haske, sabuban nan yake bi, sai dai nasa sun fi tsawo da nisa.

Arewa maso gabas ta ma taɓa ganin ƙarfe yana saukowa da ido. Ranar 3 ga Afrilu, 1984, wani dutse mai nauyin wajen kilo 100 ya faɗo a yankin Gujba, cikin jihar Yobe ta yanzu, mutanen ƙauye suka farfasa shi. A cikinsa akwai dunƙule-dunƙulen ƙarfe masu walƙiya. Da aka auna gutsattsarinsa a ɗakunan bincike, shekarunsa sun haura miliyan 4,500, daga zamanin da duniya ke kan haɗuwa daga irin waɗannan duwatsu.