Angon da ya fasa a ranar biki



A Ingila akwai wani wasan kwaikwayo na rediyon BBC mai suna The Archers, wanda ake yi tun 1951 kan rayuwar manoma a wani ƙauye. A watan Afrilun 2014 aka kawo auren Tom da Kirsty. An taru, amarya ta yi kwalliya, sai ango ya ce shi ya fasa. Masu sauraro suka yi ca a kansa, wasu na tsine masa, wasu na cewa ihun da amaryar ta yi ya tsaya musu a rai. Alhali fa duk ƙagagge ne, babu Tom babu Kirsty.

Su ma ba Musulmi ba ne, amma fiɗira ta gaya musu wulaƙanta 'yar mutane a bainar jama'a zalunci ne. To ina ga mu da Suratul Isra'i aya ta 34 ta sanar da mu cewa za a tambaye mu alƙawari?

Sai dai da yawansu sun tsallake tushen matsalar. A cikin labarin, yayansa John ya rasu a hatsarin tarakta tun 1998, Tom ya gaji kiwon da ya bari. Shekara 16 yana rayuwa a matsayin madadin mamaci, sai a ranar bikin ya iya furtawa. Wannan kam muna da shi a gidajenmu. Uba ya rasa babban ɗansa, sai ya ɗora wa ƙanin duk burin da ya ci a kan marigayin: sana'arsa, ɗakinsa, wani lokaci har yarinyar da aka yi masa baiko da ita. Yaro ya yi shiru don kunya da tausayin Hajiya, ana cewa ai yaron kirki ne, nan kuwa ciki na cinsa.

Kuka ba laifi ba ne. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Amma shari'a ta sa wa zaman makoki iyaka: kwana 3, in ban da matar mamaci mai takabar wata 4 da kwana 10. Ummu Habiba (RA) da mahaifinta Abu Sufyan ya rasu, bayan kwana 3 ta sa aka kawo turare ta shafa, ba don tana marmarinsa ba. Iyaye, ku bar rayayye ya zama kansa.

Kai kuma saurayi, baiko ba ɗaurin aure ba ne, janyewa da dalili ya halatta. Amma ka yi istihara tun da wuri, ka tura manya su faɗa cikin mutunci kafin a sa rana, kafin uban yarinya ya ci bashin gado da katifa. Ba sai an raba kati an sayi goro ka kashe waya ba. Kuma abin takaici, mai hawaye saboda amaryar fim ita ce za ka ji tana cewa 'yar maƙwabta da aka fasa aurenta "ai akwai abin da ya gani".

Masu tambaya kan lefe: a wajen malaman Malikiyya, in shi ya janye ba ya karɓar kyautar da ya yi, in daga ɓangarenta ne yana iya nema, sai dai in akwai sharaɗi ko al'adar gari da ta saɓa. Sadakin da aka gabatar kafin ɗaurin aure kuwa mayarwa ake yi.

Wallahu a'alam.